Karakalpak: Al'ummar da auduga ta shanye wa teku, da abin da ya haɗa su da manoman Funtuwa da Malumfashi

A garin Moynak da ke arewa maso yammacin ƙasar Uzbekistan akwai wurin da ake kai baƙi su kalli jiragen ruwa. Jiragen kamun kifi ne da suka yi tsatsa jawur, an jera su a kan yashi a gindin wani tudu da a da shi ne gaɓar teku. Babu ko ɗigon ruwa a kusa. Mai son ganin abin da ya rage na Tekun Aral sai ya nemi mota mai ƙarfi, ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 a cikin hamadar da shekara 60 da suka wuce kifi ne ke yawo a kanta.

Mutanen wannan yanki su ake kira Karakalpak. Musulmi ne 'yan Sunna, mabiya mazhabar Hanafiyya, suna da harshensu, da tutarsu, da majalisarsu, amma jamhuriyar tasu tana cikin Uzbekistan. Ba a cika jin sunansu a gidajen rediyo ba. Abin da ya cinye musu teku kuwa abu ne da ko yaro a Funtuwa, Malumfashi, Bakori ko Faskari ya san shi: auduga, wadda Katsinawa ke ce wa kaɗa.

Nisan da ke tsakanin wuraren biyu dubban kilomitoci ne, kuma yanayinsu ya sha bamban. Amma akwai inda labarinsu ya yi kiciɓis. A duka biyun, an yanke shawarar yadda za a noma audugar a wani babban birni mai nisa, don amfanin masaƙun da ke can. A kudancin Katsina birnin shi ne Manchester, a bakin Tekun Aral kuma Mosko. Ƙarshen labarin ne ya bambanta. A Funtuwa auduga ce ta tafi ta bar ƙasa da ruwan sama. A Karakalpakstan auduga ta zauna, ruwa ya tafi.

Masu baƙar hula

Sunan da kansa fassara ce mai sauƙi: a harshensu "qara" na nufin baƙi, "qalpaq" kuma hula. Tarihi ya fara ambatonsu da wannan suna a ƙarshen ƙarni na 16, suna zaune a bakin kogin Sir Darya. Yaƙe-yaƙe suka koro su a ƙarni na 18 zuwa inda kogin Amu Darya ke rarrabuwa kafin ya shiga teku, ƙasa mai dausayi da ciyayi da kifi. Ba cikakkun makiyaya ba ne kamar maƙwabtansu Kazak, ba kuma mutanen birni ba ne kamar Uzbek. Sun haɗa noma da kiwo da su, kamar yadda mazauna fadamar Haɗeja ko bakin Tafkin Chadi ke yi. Sarakunan Khiva sun mallake su a farkon ƙarni na 19, sannan Rasha ta iso a 1873.

Wanda ya yi karatun zaure ya san wannan ƙasa ko da bai san sunanta na yau ba. Kogin Amu Darya shi ne Jaihun na littattafan Larabci, kuma yankin shi ne tsohon Khawarizm. Malamin nan Abu Raihan al-Biruni, masanin taurari da lissafi, an haife shi a 973 a wajen garin Kath, wanda yanzu ake kira Beruniy don tunawa da shi, kuma yana cikin Karakalpakstan. Bukhara, garin Imamu Bukhari, yana kudu maso gabas da su a cikin ƙasa ɗaya.

Jamhuriyar tana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 166,000, wato ta ninka Jihar Katsina fiye da sau shida, kuma ta haura kashi ɗaya cikin uku na dukan Uzbekistan. Sai dai galibinta hamada ce. Mutanenta kimanin miliyan 2 ne, kuma 'yan ƙabilar Karakalpak wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai a ciki. Sauran Uzbek ne da Kazak da Turkmen. Babban birninsu Nukus.

Harshen Karakalpak ɗan dangin harsunan Turkawa ne, daga reshen da masana ke kira Kipcak. Ya fi kusa da Kazak nesa ba kusa ba, har masu jin ɗaya kan fahimci ɗayan ba tare da tafinta ba, alhali Uzbek, harshen ƙasar da suke ciki, na wani reshe ne daban. Masu magana da shi a duk duniya ba su kai miliyan ɗaya ba.

Tsarinsa zai ba Bahaushe mamaki. Kalma kan yi ta tsawo ne ta hanyar liƙa mata ɗafi a baya. "Úy" gida ne, "úyler" gidaje, "úylerimiz" gidajenmu, "úylerimizde" a gidajenmu. Wasalin ɗafin kuma yana bin na kalmar: jam'in "úy" shi ne "úyler", amma na "bala", wato yaro, "balalar" ne. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Babu bambancin namiji da mace, kalmar "ol" ita ce shi, ita ce kuma ita. Duk da haka kunnen Bahaushe zai kama wasu kalmomin, domin su ma sun aro daga Larabci: littafi "kitap" ne, makaranta "mektep". Ruwa kuma "suw" suke ce masa. Kamanninsa da kalmar "su" ta masunta a Hausa dace ne kawai, babu wata alaƙa, amma dacen ya zo daidai da mutanen da ruwa da kifi suka zama rayuwarsu.

Adabinsu na baka ne tun asali. Suna da mawaƙan tarihi da ake kira "jıraw", masu rera dogayen labaran jarumai da wani abin kiɗa mai tsirkiyar gashin doki, "qobız", wanda ake gogawa kamar goge ko kukuma. Mafi shahara a labaran shi ne "Qırq qız", wato 'Yan Mata Arba'in, labarin jaruma Gulayim da rundunarta ta mata da suka kare ƙasarsu daga mahara. A ƙarni na 19 suka sami manyan sha'irai biyu, Ajiniyaz da Berdak. Na biyun, wanda ya rayu daga 1827 zuwa 1900, sunansa aka sa wa jami'ar gwamnati da ke Nukus.

Inda harshen ya sha wuya shi ne rubutu. Da haruffan Larabci ake rubuta shi, irin ajaminsu ke nan, har zuwa 1928 da gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta mayar da shi haruffan Latin. A 1940 aka sake sauya shi zuwa haruffan Rashanci. Bayan rushewar Sobiyet aka koma Latin a tsakiyar shekarun 1990, kuma an yi wa sabon tsarin kwaskwarima a 2009 da 2016. Hausa sau ɗaya ta yi irin wannan ƙaura, daga ajami zuwa boko a farkon mulkin Turawa, kuma har gobe ana jin ciwonta, kamar yadda aka gani a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira. Su kuwa sau uku aka yi musu cikin shekara 70. Sakamakon shi ne a gida ɗaya a iya samun kaka da ta saba da rubutun Rashanci, jika kuma an koya masa Latin a makaranta, littattafan kakanni na ajami kuwa sai ƙwararru.

Yadda aka shanye teku

A 1960 Tekun Aral na da faɗin kimanin murabba'in kilomita 68,000. A gaskiya tafki ne, don ba ya haɗe da wani teku, kuma shi ne na huɗu a girma a duniya. Koguna biyu ke ciyar da shi, Amu Darya daga kudu da Sir Darya daga gabas, dukansu daga ƙanƙarar duwatsu masu nisa. A shekarun albarka masunta kan fitar da fiye da tan 40,000 na kifi a shekara, kuma Moynak na da masana'antar gwangwanin kifi da ke aika kaya ko'ina a Tarayyar Sobiyet.

Masu tsara tattalin arziki a Mosko sun ƙudurta cewa ƙasar ba za ta sayi auduga daga waje ba, kuma Asiya ta Tsakiya ce za ta noma ta. Matsalar ita ce ruwan sama a can ba ya raya auduga, dole sai ban-ruwa. Sai aka shiga haƙa manyan magudanu. Mafi girma ita ce ta Karakum, da aka fara a 1954, wadda ta ja ruwan Amu Darya ta ratsa hamadar Turkmenistan tsawon fiye da kilomita 1,000. Galibin magudanun ba a yi musu daɓen siminti ba, saboda haka ruwa mai yawa ya riƙa nutsewa cikin yashi ko rana ta ƙone shi kafin ya isa gona. Filin noman rani a yankin ya tashi daga kimanin hekta miliyan 5 a 1960 zuwa kusan miliyan 8. Uzbekistan ita kaɗai ta riƙa ba da wajen kashi biyu cikin uku na audugar Sobiyet, ana yi mata kirari da farin zinare.

Ba wai masana ba su san abin da zai faru ba. An sani, an kuma yi lissafin cewa auduga ta fi kifi daraja. Masu lissafin dai ba a bakin tekun suke zaune ba.

Daga shekarun 1960 ruwa ya fara ja da baya. A wasu shekaru na 1980 kogunan kusan ba su kai komai ga tekun ba. Gishirin ruwan, wanda a da bai wuce giram 10 a lita ba, ya yi ta hauhawa har ya haura giram 100 a ɓangaren kudu, ninki uku na babban teku. Kifi ya ƙare, sana'ar su ta mutu a farkon shekarun 1980. Don kada ma'aikata su zauna haka, gwamnati ta riƙa jigilar daskararren kifi daga tekunan da ke dubban kilomitoci zuwa masana'antar Moynak, har ita ma ta rufe. A wajen 1987 tekun ya rabu biyu. A 2014 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa babban ɓangarensa na gabas ya ƙafe ƙurmus.

Ƙasan tekun ya zama sabuwar hamada da aka laƙaba wa Aralkum. Ba yashi kaɗai ke cikinta ba. Shekara da shekaru ruwan da ke fitowa daga gonakin auduga na kwaso gishiri da taki da maganin ƙwari yana zubawa a tekun, yanzu kuma iska ke kwasar su tana watsawa a kan garuruwa da gonaki. Ƙarancin jini, musamman ga mata, da cututtukan numfashi da na ƙoda sun yi yawa a yankin. Tarin fuka ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa aiki a can tun ƙarshen shekarun 1990. Tekun da ke sassauta yanayi ya tafi, zafi ya ƙaru, sanyi ya tsananta. Gonakin kansu sun yi gishiri, ta yadda kafin shuka sai an cika su da ruwa an wanke ƙasa, wanda shi ma wani ruwan ne ake ƙara ci. Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, Ban Ki-moon, ya je Moynak a watan Afrilun 2010, ya kuma sa abin cikin mafi munin bala'o'in muhalli a duniya.

Akwai wani ɓangare da ya shafi mutum kai tsaye. Gwamnati ce ke yanka wa kowace gunduma adadin audugar da za ta kawo, kuma ko bayan samun 'yancin Uzbekistan a 1991 tsarin bai sauya ba. Da kaka ta yi sai a rufe makarantu, a kwashi ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti zuwa tsinkar auduga. Sai a 2020 Shugaba Shavkat Mirziyoyev ya soke tsarin yanka adadi, a 2022 kuma kamfanonin tufafi na duniya suka janye ƙauracewar da suka yi wa audugar ƙasar.

Bisije da fuloti

A ƙasar Katsina ta kudu ba Bature ne ya kawo kaɗa ba. Tun kafin zuwansa mata na gurza da kaɗi da mazari, masaƙa na saƙa fari da gwado, marina na rini, fatake na kai tufafin ƙasar Hausa har hamada. Abin da Turawa suka sauya shi ne inda audugar za ta nufa.

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchester, saboda sun gaji da dogaro da Amurka. Sun sa ran Arewacin Najeriya ce za ta fitar da su kunya. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai aka sha mamaki, domin manoman Kano gyaɗa suka zaɓa, kuma masaƙan gida na biyan auduga kuɗin da ya fi na Bature. Saboda haka hankali ya koma ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau, inda ruwan sama ya fi yawa, ƙasa kuma ta fi nauyi. Aka kawo irin Amurka da ake kira Allen, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa a shekarun 1920, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa a ƙarshen waɗannan shekaru, shi ne ma ya mai da ita gari na kasuwanci. Har yau akwai unguwar da mutanen Funtuwa ke kira Bisije, sunan kamfanin ne harshe ya lanƙwasa.

Tsarin yana da nasa tilas. Haraji da kuɗi ake biya, don haka dole manomi ya shuka abin sayarwa. Hukuma ce ke raba iri ta hannun hakimai da dagatai, ita ke faɗin irin da aka yarda a shuka, da fulotin da za a kai kaya, da farashin lamba ɗaya da lamba biyu. Daga 1949 hukumomin sayen amfanin gona suka karɓi ragamar, suna saye da araha suna sayarwa a waje da tsada, rarar kuma tana shiga baitulmalin gwamnati.

Amma akwai abu biyu da manomin Malumfashi ya riƙe waɗanda takwaransa na Nukus bai samu ba. Na farko, gonar tasa ce, ba a mai da ita gandun gwamnati ba. Na biyu, kaɗarsa da ruwan damina take girma, ba wanda ya tare kogi dominta. Malaman gona sun shafe shekaru suna ƙorafin cewa manoma ba sa shuka auduga a tsakiyar watan Yuni kamar yadda binciken Samaru ya nuna ya fi ba da yabanya, sai sun gama da gero da dawa, su shuka ta a Yuli. A wurin malamin gona wannan taurin kai ne. A wurin mai iyali kuwa lissafi ne mai kyau, rumbu kafin aljihu. Wannan 'yancin na jinkirta shuka, ko ƙin shukawa ɗungurungum, shi ne abin da aka ƙwace wa manomin Karakalpak, kuma shi ya sa kudancin Katsina bai taɓa zama gonar amfani ɗaya ba.

Zamanin ƙoshi ya zo bayan haka. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya, audugar ta daina tafiya Ingila kaɗai. A tsakiyar shekarun 1970 Funtuwa ta zama ɗaya daga wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da Bankin Duniya ya gwada shirin bunƙasa noma na ADP, aka yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, aka kawo taki da sabon irin masara. A ƙarshen shekarun ne aka kafa masaƙar Funtua Textiles.

Sai 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumar auduga tare da sauran hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin shirin SAP. Hukumar na da laifuffukanta, amma ita ke tabbatar da cewa iri bai gauraye ba, kuma an tantance kaya. Da ta tafi ba a sa komai a gurbinta ba. Iri ya cakuɗe, yabanya ta ragu, darajar audugar Najeriya ta faɗi. Masaƙu kuma suka haɗu da rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Masaƙar Funtuwa na cikin 'yan kaɗan da suka yi ta jan ƙafa. Injinan gurza da yawa suka koma aikin 'yan makonni a shekara, wasu suka yi shiru.

Manoma kuwa suka yi abin da suka saba, suka juya. Masara, waken suya, dawa, shinkafa da tumatir suka cika gonakin, kasuwannin hatsi irin su Dandume da Bakori suka cika da tireloli. An yi asarar sana'o'i da yawa, amma ƙasa tana nan tana ba da abinci. Abin da ke korar manomi daga gona a Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara a shekarun nan 'yan bindiga ne, ba gishiri ba.

Nukus, Yulin 2022

Al'ummar da ta rasa teku abin da ya rage mata shi ne suna da harshe da matsayi a takarda. Sobiyet ta ba su yankin cin gashin kai a 1925, ta ɗaga shi zuwa jamhuriya a 1932, ta haɗa shi da Uzbekistan a 1936. Kundin tsarin mulkin Uzbekistan ya kira Karakalpakstan jamhuriya mai diyauci, ya kuma ba ta damar ɓallewa idan mutanenta suka zaɓi haka a ƙuri'ar raba gardama. Ba a taɓa yin ƙuri'ar ba.

A ƙarshen watan Yunin 2022 aka fitar da daftarin gyaran kundin, sai ga shi an cire waɗannan kalmomi. Ranar 1 ga Yuli dubban mutane suka cika titunan Nukus, abin da ba a saba gani ba a ƙasar. Jami'an tsaro suka tarwatsa su. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 21 ne suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Washegari Shugaba Mirziyoyev ya sauka a Nukus, ya janye gyaran, ya kuma sa dokar ta-ɓaci ta wata ɗaya. A watan Janairun 2023 kotu ta ɗaure lauya kuma ɗan jarida Dauletmurat Tajimuratov shekara 16 bisa zargin shi ne jagoran boren. Sabon kundin da aka amince da shi a watan Afrilun 2023 ya bar matsayin jamhuriyar yadda yake.

A hukumance harshen ba ya cikin matsala. Harshen gwamnati ne a jamhuriyar tare da Uzbek, ana koyarwa da shi a makarantu, akwai jaridu da talabijin. Barazanar daga wajen aji take. Rashin aiki da lalacewar gonaki sun tura dubban matasa ci-rani zuwa Kazakhstan da Rasha da Tashkent. Mai neman aikin gwamnati na buƙatar Uzbek, mai tafiya Mosko na buƙatar Rashanci, wanda ya zauna a Kazakhstan kuwa harshensa ya yi kusa da Kazak ƙwarai, har 'ya'yansa kan narke ciki ba tare da sun lura ba. Sannan kalmomin su, sunayen kifaye da na raga da na iskar teku, ba su da wurin amfani idan babu masunta.

A nan ya kamata mai karatu Bahaushe ya san gefen da yake tsaye. Hausa ba ta cikin halin Karakalpak. Ita ce babban harshen da ƙananan harsuna a Bauchi da Filato da kudancin Kaduna da Kebbi ke narkewa a cikinsa, ta hanyar kasuwa da aure da ci-rani, ba tare da wata doka ba.

Wanda ke saman kogi

Maganar farfaɗo da auduga ba ta taɓa mutuwa a Najeriya ba. A 2018 aka amince da noman irin Bt mai jure tsutsa, wanda kamfanin Mahyco na Indiya ya gwada tare da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da tufafi samun dala a farashin gwamnati, ya kuma ƙaddamar da rabon iri ga manoma a Katsina. An yi shekara biyu ko uku ana ganin farin kaɗa a gonaki, sannan rigimar bashi da rashin masaya suka sake kwantar da abin. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa. Duk wannan lokaci maƙwabciya Jamhuriyar Benin na cikin manyan masu noman auduga a Afirka.

Babu wanda ke shirin shanye teku a Katsina, kuma auduga a nan ba ta buƙatar haka. Inda labarin Aral ya taɓa yankin shi ne batun kogi. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa yake tasowa, wato mutanen nan su ne a sama. A kan wannan kogin aka gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ambaci adadin mamatan da bai kai 30 ba, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa ne. Ba a cika tuna waɗanda ke ƙasan madatsar ba, manoman fadama da masunta da ambaliyar shekara-shekara ta daina kai musu, shinkafarsu da kifinsu suka ragu. Irin haka ta faru ga fadamar Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Chalawa.

Yau noman rani na ƙaruwa a kewayen madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, a fadamun Ɗanja da Kafur, da injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse. Abin alheri ne ga mai tumatir da mai alkama. Amma ba kasafai ake jin an auna yawan ruwan da ake ja ba, ko an tambayi ƙauyen da ke gaba abin da ke isa gare shi a watan Maris.

A Aral ɗin ma ba ko'ina ne aka yanke ƙauna ba. Kazakhstan, da bashin Bankin Duniya, ta gina madatsar Kok-Aral a 2005, ta tare ruwan Sir Darya a ƙaramin ɓangaren arewa. Ruwa ya tashi, gishiri ya ragu, kifi ya dawo. Sai dai wannan gyara ya ƙara rage abin da ke gangarawa kudu, ɓangaren Karakalpak. Uzbekistan ta karɓi ƙaddara ta wata fuskar: tun daga 2018 take dasa wata bishiyar hamada mai suna saksaul a ƙasan tekun, a fili mai faɗin fiye da hekta miliyan ɗaya, don saiwoyinta su riƙe yashi da gishiri.

Sabon abin da ke hana mutanen Nukus barci daga Afghanistan yake. A 2022 gwamnatin Taliban ta fara haƙa magudanar Kosh Tepa, mai tsawon kilomita 285, don jan ruwan Amu Darya zuwa gonakin arewacin ƙasar. Afghanistan ba ta cikin yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen Asiya ta Tsakiya biyar suka sa wa hannu a 1992, kuma tana cewa ita ma tana da haƙƙi a kogin da wani sashensa daga duwatsunta yake fitowa, ga kuma miliyoyin mutanenta na fama da yunwa. Daga inda magudanar ta soma zuwa gonakin Karakalpakstan, kogin zai ratsa Turkmenistan da sauran lardunan Uzbekistan, kowa na ɗiban nasa. Su ne na ƙarshe a layi.